Kashi Biyu Cikin Ɗari a Gidan Alhaji Mamman

Har yau ban manta da ranar da Injiniya Lawal, manajan kamfaninmu na gyaran kwamfuta a Ƙofar Kwaya, ya tura ni GRA gidan Alhaji Mamman ba. Lokacin sojoji sun daɗe da komawa bariki, gari ya cika da fastocin 'yan takara, ni kuma ba a jima da ɗaga ni zuwa babban mai gyara ba, ina jin kaina kamar ni na ƙera kwamfuta. Ku da kuke shiga gidajen mutane yanzu da jaka a kafaɗa, ku buɗe kunne.

Alhaji Mamman tsohon darakta ne da ya yi ritaya. Ɗansa ya sayo masa akwatin ajiya, wata 'yar na'ura da ba ta fi burodi biyu girma ba. Ana haɗa ta da intanet ɗin gida, kowa ya zuba hotunansa da bidiyonsa a ciki. Faifai biyu gare ta, duk abin da ke ɗaya yana ɗayan, don in guda ya mutu kada a yi asara. To, guda ya mutu. Aikina in sa sabo, in bar na'urar ta kwafe komai daga tsohon zuwa sabon. Kafin kwafin ya ƙare kuwa, komai a wuyan tsohon faifan yake, shi kuma har ya fara wata 'yar ƙara, ƙyas-ƙyas, alamar shi ma ya kusa mutuwa.

Ba hotunan biki ne abin fargaba ba. Muryar mahaifiyar Hajiya Binta, matar Alhaji, tana ciki. Zamanin da su Alhaji suke zaune a Legas, tsohuwar takan ɗauki saƙo a kaset ta ba direba ya kai wa 'yarta. Ta rasu da daɗewa. An juye kaset-kaset ɗin cikin akwatin nan, daga baya ruwa ya shiga sito ya gama da su. Alhaji da bakinsa ya ce mini, "Malam Sani, in wanga abu ya ɓace, ni da kai sai mu nemi garin da za mu koma."

Na sa sabon faifai, na jona akwatin a falo. Hajiya na daga bayan labule, na ɗaga murya don ta ji: a kula da shi sosai, kada yara su taɓa, kada ya rabu da wuta. Na ce 'yar fitilar gabansa in ta bar rawaya ta koma kore, an gama, kuma yini da kwana ya isa. Ta ce, "To, ɗan nan, in Allah ya so."

Washegari na buga waya na ce ga ni nan tafe, tunda ba a faɗa wa gidan mutunci kwatsam. Alhaji ya tare ni a baranda. Kun san gaisuwar dattawan garin nan: ya gajiya, ya iyali, ya Injiniya, ya mutanen Ƙofar Kwaya, ya ruwa, a dawo kan gajiya. Da muka shiga falo na buɗe kwamfutata, sai na ga kwafin yana kashi biyu cikin ɗari. Kwana guda cur, kashi biyu! Na yi lissafi a zuci, na ga a haka sai an rantsar da sabon gwamna ba a gama ba.

Na canza kebul. Na sabunta manhajar na'urar. Na kashe duk ƙananan ayyukan da ke cin ƙarfinta, na ɗaga saurin kwafi har ƙarshe. Don tsabar damuwa na koma zuwa safe da yamma. Wani zuwan da Alhaji ya tsare ni da fura da labarin siyasar jamhuriya ta biyu, na tarar da kashi huɗu, har na yi hamdala. Zuwa na gaba, Alhaji na sauri zai tafi ta'aziyya, aka gaisa a tsaitsaye, na tarar da kashi ɗaya. Jama'a, kwafi yana komawa baya! Na zauna a kan kafet na riƙe kai.

Na lura na'urar na nuna alamar wuta na yanke mata, irin samfurin nan kuma in aka katse shi a tsakiyar aiki, daga farko yake somawa. Na ɗora laifin kan 'yan wuta, na zage su tas a raina. Alhaji ya ce ai gidan da inbata mai ba da wuta in an ɗauke. Duk da haka na ɗauko ƙaramin batirin nan mai riƙe wuta daga ofis na jona. Ko gezau.

Injiniya Lawal ya kira ni. Ya ce, "Sani, aikin yini ɗaya ka mai da shi aikin gina masallacin Juma'a? Ko furar gidan ce ta yi maka daɗi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi abin nan da hannun aljanu." Ya ce in faifan ya mutu kafin in gama, in je aljanun su ɗauke ni aiki. Abokan aiki suka samu abin yi, kowa ya gan ni sai ya ce, "Malam Kashi Biyu, an wuni lafiya?" Ina dariyar yaƙe, amma ƙarar tsohon faifan nan ta hana ni jin daɗin abinci.

Ran nan aiki ya kai ni maƙwabtan Alhaji, wayata kuma ta mutu. Na ce bari dai in leƙa ko ban buga ba. Na yi sallama, Alhaji ya fito ya ja ni gaisuwa, amma ƙofar falo a buɗe take, idona ya faɗa kan teburin. Ga kebul, ga batiri, babu akwati.

Na ce, "Alhaji, an yi sata!"

Ya ce, "Satar mi? Zauna, yanzu a kawo maka shi."

Kafin in rufe baki sai ga Hajiya ta fito da lulluɓinta, ɗauke da tire, an rufe shi da farin kyalle mai aikin hannu kamar abincin suruki. Ta ajiye, ta yaye, ta soka wayar wuta, ta soka kebul, kowanne a raminsa daidai. Na tambaye ta daga ina yake. Ta ce daga ɗakinta. Ashe da na juya baya take zare shi ta kai shi ciki ta jona, in na bugo waya ta sake zarewa ta dawo da shi, tunda baƙo namiji ba ya shiga ɗakin matar gida. Doguwar gaisuwar barandar nan kuwa, tsare ni ake yi har a kintsa falo. Kashi biyun da nake gani, tsawon gaisuwarmu ne.

Na ce, "Hajiya, ban ce kada ya rabu da wuta ba?"

Ta ce, "Yo mi ya raba shi da wuta? Daga nan zuwa ɗaki taku nawa ne? Can ma shina jone."

Alhaji ya goya mata baya: "Ba a kashe shi ba hwa, Malam Sani, ɗauka kawai ake yi."

Na yi bayani dalla-dalla, na roƙe ta da girman Allah ta bar shi a falo ya kwana ɗaya tak. Ta gyara lulluɓi, sannan ta ce, "Ɗan nan, Inna ba ta taɓa kwana a falon maza ba tana da rai. Ba za ta fara yanzu ba." Dariyar da ta taso mini ta koma. Wallahi sai na ji tausayinta ya kama ni.

Shawara ta tsaya a kan abu guda: akwati ya zauna a ɗakin Hajiya, ni kuma in daina zuwa. Da na kai wa Injiniya rahoto cewa maganin matsalar shi ne a hana mai gyara shiga gidan, sai da ya sauko daga kujera don dariya. Na yi zaman jira kamar mai mata a ɗakin haihuwa, har Alhaji ya bugo ya ce fitila ta yi kore.

Na je da dogon kebul, na zura ta taga, Alhaji na ja daga ciki yana haki, muka kai intanet har ɗakin. Ina tattara kayana a falo sai na ji muryar wata tsohuwa ta ratso bango daga ɗakin Hajiya: "Binta, kina cin abinci kau? An ce mani kin rame." Alhaji ya ɗaga kai yana kallon silin, ni ma na sami abin dubawa a cikin jaka.

A ajinmu an koya mana faifai da waya da wuta, ba a koya mana mutanen gida ba. Tun daga ranar, kafin in buɗe jaka a gidan kowa, sai na tambayi inda na'urar ke kwana, da kuma wanda ke cikinta.