Kunnen Ɗanladi

An ce wai duk jirgin saman da ya ratsa ta kan Madarumfa sai ya rage gudu, ya karkata fiffike, ya gaida Ɗanladi Inde. A garin Ɗan Issa har na ji wani mai canji yana rantsuwa wai Ɗanladi ya taɓa saukar da jirgi da baki a tsakiyar tabki, matuƙin ya sayi kifi wurin masunta, ya tashi. To, ni Rabi'u, taubashinsa, ina gaya muku ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin da ko kaza ya kira ba ta waiwayowa!

Ɗan Gwaggo Kulu ne, ƙanwar babana. Tare aka kai mu lakwal, wato makarantar boko. Ni na gudo tun ina haɗa baƙi da ƙyar, shi kuwa ya manne har ya kai Yamai, aka ɗora shi a hasumiyar filin jirgi, aka ɗaura masa abin ji a kunne. Aikinsa magana da matuƙa ta rediyo: kai sauka, kai dakata, kai juya dama.

Maganar tasu kuwa ba ta mutane ba ce. Ya taɓa yi mini bayani. Ba gaisuwa, ba ina gajiya, ba ya iyali. Ka kira sunan jirgi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka yi shiru. Matuƙi kuma sai ya maimaita maka abin da ka faɗa, don a tabbata ya ji daidai. Wanda ya danne maɓalli yana magana ba ya jin kowa, kuma ya toshe wa kowa hanya. In wani jirgi ya yi kiran neman ceto, duk sauran sai su kame baki, ko da sarki suka ɗauko.

Na ce, "Wato an biya maka karatu don a koya maka rashin kunya."

Wasa nake yi, amma abin ya bi shi har gida. Ya zama in ka ce masa ina kwana, sai ya ce lafiya, ya tsaya yana jiran dalili. Ka aike shi garin Safo, sai ya maimaita maka saƙon kamar mai biya allo.

Wata rana Gwaggo ta sa aka kira mata shi a salula. Jikinta ne ya fara ba ta tsoro, hannu yana mutuwa, tana so ta gaya masa. Amma tsohuwa ba ta faɗa wa magana haka kawai. Ta fara da aiki, da gajiya, da zafin Yamai, da maƙwabta. Shi kuwa ya fito daga aiki ke nan, kai a cike. Ya ce, "Inna, taƙaita."

Ta taƙaita ɗin. Ta miƙa wa Hussaina, ƙanwarsa, salula, ta ce ta gama. Tun daga ranar in ya kira ba ta karɓa. Ya zo da Salla ya durƙusa, ta amsa wa bango.

Bara likita ya duba shi, ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama ma ya kama hanya. Mai irin aikinsa kuwa da kunne yake ci. Aka sallame shi. Ya dawo da jaka guda, ya tarar ciwon ya shanye wa Gwaggo ɓarin jiki, harshe ya yi nauyi, sai ta daɗe tana kokawa kafin kalma ta fito.

Yanzu ga aikinsa. Yana zaune a bakin tabarmarta, ya kara kunnen dama a bakinta. In ta motsa leɓe, sai ya maimaita: "Kin ce ruwa?" Ta ƙifta ido, ya kawo. "Kin ce a juya ki?" Ya juya ta. Ruwa take ce masa, kunu take ce masa. Abu guda da ya dawo nema, wato ya ji ta ce ta yafe masa, shi ne bai fito ba. Ya roƙa har ya daina ƙirga. Kuma yanzu shi ke jero gaisuwa, ina kwana Inna, ina gajiya, ya jiki, ya sanyi, har sai Hussaina ta fita tana share ido.

Jiya da hantsi na leƙa. Ɗakin ya yi tsit, Gwaggo ta riƙe masa yatsa, abin da ban taɓa gani ba, leɓenta na motsi. Ni kuwa shiru ba ya zama da ni lafiya. Daga bakin ƙofa na ɗaga murya: "Ranka ya daɗe sarkin jirage! Yau wanne ake saukarwa, na Makka ko na Faransa?"

Kafin in rufe baki ta saki yatsan, ta lumshe ido. Ya daɗe da kunne a bakinta. Sannan ya ɗago.

"Ta yi magana mai tsawo, Rabi'u, ka danne ta, ban ji ba. A wurinmu ko jakin matuƙi ya san in wani na neman ceto shiru ake yi. Fita."