Fulawa a Kan Sukari

Tun ina Kano nake mafarkin dusar ƙanƙara. A littattafan da na girma da su, masoya kan tsaya cikin farin fili su yi alkawari, ni ma na sa a raina sai na tsaya. Da na zo Landan aikin jinya, sai na tarar wadda ke sauka a unguwar Lewisham ba ta kai azahar, ta zama caɓi. Shi ya sa ranar da wanda aka sa mana rana ya ce ya yi mana booking ɗin tafiya zuwa duwatsun Scotland, ni da shi da ƙanwata, sai da na kwana uku ina zaɓen mayafin da zai fito a kan fari.

Jagorarmu wata gajeriyar baturiya ce mai shebur a baya. A gefen wani gangare ta tsaya ta haƙa rami, ta nuna mana cikinsa. Sama ƙanƙara ce mai tauri da iska ta danne. Ƙasanta kuwa tsaba ce warwas kamar sukari, ba ta riƙe komai. Ta buga shebur sau biyu, ta saman ta zame gaba ɗayanta. Ta ce yau ba mai taka gangaren nan.

Tana juyawa ta gyara wa ƙanwata takalmi, saurayin nawa ya matso kusa da ni.

"Turawa da tsoro! Ranki ya daɗe, matsa can kaɗan, hasken ya fi kyau. Hoto ɗaya kawai."

Na matsa kan gangaren. Na ji wani gum a ƙarƙashin ƙafata, tsaga ta ruga gabana kamar an ja zare, sai duniya ta kife. Da na tsaya, ƙanƙara ta kama ni har wuya, ta daskare kamar siminti, ƙafata ta hagu a karye. Baturiyar da ƙanwata ne suka tono ni. Shi yana can sama riƙe da waya, ko taku ɗaya bai yi ba. Sau biyu ya zo asibiti. Kafin a cire min filasta, maganar aure ta mutu.

Na yi kuka, sannan na koma karatun ƙanƙara. Duk hunturu ina bin hasashen haɗarin zaftarewa na duwatsun nan kamar mai jarrabawa, ina jira.

Bayan shekara biyu muka haɗu da shi a wani suna a unguwar Stratford. Na same shi a falo, ɗalibai zagaye da shi, wai shi yanzu jagora ne, yana rubuta sunayen waɗanda zai kai dutse. Har da 'yar Hajiyar da ke da gidan. Na ji da kunnena yana cewa ya taɓa tono wata da hannunsa.

Na shiga kicin na ɗauko tire. Na zuba sukari, na danna fulawa mai ɗan danshi a kai har ta yi faifai, na kawo tsakiyar falo.

"Malam jagora, wannan gangaren za a taka ko ba za a taka ba?"

Ya yi yaƙe. "Haba, wasan yara kuma?"

"Amsa dai. Me ake dubawa kafin a taka? Iska daga ina ta kaɗa jiya?"

Na karkata tiren, na ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. Fulawar ta tsage, ta zame duka a kan farar shaddarsa da takalmansa masu sheƙi.

"Haka ta yi da ni. Ni ce wadda ya ce ya tono. Hajiya, tambayi ƙanwata wanda ya riƙe shebur da wanda ya riƙe waya."

Hajiya ta miƙa hannu. "Ba ni takardar nan, ɗana." Ta soke sunan 'yarta, ta miƙa wa na kusa da ita. Takardar ta zagaya falon, ta dawo masa ba suna ko ɗaya.

Mutane sun ce na ceci 'ya'yan jama'a. Wataƙila. Ni dai fuskarsa na je gani, kuma na gani. Har yau ƙafar tana min ciwo idan sanyi ya shigo, amma ranar na taka ta har tashar jirgi ban ɗingisa ba.