Hannun da Yaya Ya Ci Wasa da Shi

Tun yaron nan yana rarrafe na ga abin, na yi shiru. In aka miƙa masa ƙuli, hannun hagu yake fara ɗagawa. In zai jefi kaza, da hagu. Na yi ta mayar masa da cokali hannun dama a ɓoye, ina waiwaye, har ya shekara huɗu abin bai sake ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in buɗe baki gaban Inna, uwar mijina, in ce ga abin da za a yi masa. A gidanmu na Gure, maganar yaron a hannun Inna take.

Wata safiyar Litinin na tarar da ita tana yage bakin tsohon zane. Ta fitar da ƙyalle dogo, ta gwada shi a damtsenta.

"Ran Asabar mijin nan nawa zai shiga makarantar allo," in ji ta. "Ba zan kai wa malam bahago ba. Za a ɗaure hannun a cikin riga, wata ɗaya ko biyu, ya manta da shi."

Na ce, "To, Inna."

Ta rataye ƙyallen a ƙusar bakin ɗakinta. Duk fitowar da zan yi daga madafa sai idona ya faɗa kansa.

Inna ba muguwa ba ce. Ita ke ɓoye wa yaron hanta in an yanka akuya. Amma ni na san abin da ɗaurin nan yake yi, don an yi wa yayana. Kakarmu ta ɗaure masa hannu yana ƙarami, daga nan in-ina ta kama shi, har yau in ransa ya tashi magana sai ta tsaya masa a wuya. Hagun kuma bai bar shi ba. Da aka kai shi lakwal, wato makarantar boko, a Yamai wurin kawunmu, gidan yana kusa da filin da ake wasan tenis, can ya koya, da hagunsa, har aka ɗauke shi a ekip, wato ƙungiyar maza ta ƙasa.

Ran Laraba ya kira ni daga wata ƙasa maƙwabciya, inda ƙasashe suka taru suna karawa.

"Auta, ki sa mu a addu'a. Mun zo kuma."

"Yaya, bara ma haka ka ce."

Ya yi dariya. "Bara ma, da bara waccan. Kullum in aka liƙa takardar sakamako, daga ƙasa ake fara neman sunanmu. Waɗanda za mu haɗu da su ran Juma'a, tun da na shiga ekip ba mu taɓa kayar da su ba."

Ni a aji huɗu na tsaya, sai da ya yi min bayani sau biyu. Wasa uku ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa. Biyu na mutum ɗaya da mutum ɗaya, na uku kuma mutum biyu da mutum biyu. Ƙasar da ta ci biyu ita ta yi nasara. Shi a na ukun ake sa shi, don ya fi sauran shekaru. Maganar ƙyalle ta zo min har baki, na haɗiye. Ba a kai ƙarar suruka waje.

Ran Juma'a maigidana ya dawo daga Gidigir, aka sauko daga masallaci, ya zauna gindin dogonyaro da wayarsa. Wani ɗan ekip ɗin da ba a sa shi wasa ba shi ke ɗauko hoto mai motsi guntu-guntu yana aikowa. Rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana tafiya, har sai da maigidan ya kifa turmi ya hau, ya ɗaga wayar sama kamar mai kiran shaho.

An ci mu wasan farko. Na biyu wani siririn saurayi ya rama mana da ƙyar. Saura na Yaya.

Inna tana gefe tana tsinkar yakuwa, ta ba mu baya. "Manyan maza da gajeren wando," in ji ta, "suna bin abu kamar ƙwan zabo. Wannan shi ne aikin da ya hana yayanki zuwa gida da salla?"

Amma da aka fara sai ga ta ta jawo kujerarta. Fili ne ja, da raga a tsakiya, kowa riƙe da abin bugu mai kama da rariya mai mariƙi. Ban san lissafinsu ba, fuskoki nake kallo. Na ga duk sanda Yaya ya jefa ƙwallon sama ya doke shi, sai ƙwallon ya sauka ya karkace waje, mutumin can ya miƙa hannu har ya kusa faɗuwa bai taɓa shi ba. Na ga mai koyar da waɗancan ya miƙe daga benci, yana bubbuga hannunsa na hagu yana nuna musu Yaya, su kuma suna kallon juna.

"Ke yarinya," in ji Inna, "mai gemun nan ba yayanki ba ne?"

"Shi ne, Inna."

"Da wane hannu ya riƙe rariyar?"

Na ce, "Da hagu."

Maigidan, daga kan turmi, ya maimaita mata abin da mai aikowa yake faɗa, wai waɗancan sun saba da masu dama, ƙwallon bahago ta wani gefe yake zuwar musu. Kuma da yake abokin Yaya na dama ne, sun raba filin, kowane gefe da hannu mai ƙarfi.

Sai rezo ya ɗauke. Muka zauna. Yaron yana wasa da murfin kwano a ƙasa, da hagu, ni kuma ina jin kamar in zauna a kan hannun kada ta gani. Ban san tsawon lokacin ba, inuwar dogonyaro dai ta kai bakin rijiya kafin wayar ta yi ƙara.

Guntun ƙarshe ne. Yaya ya doka, aka maido, ya matso bakin raga ya tare ƙwallon da ɗan taɓi kawai, ya faɗi can inda ba kowa. Hoton ya hau rawa, sama, ƙasa, takalma, mai ɗauka yana gudu yana kabbara. Ga tutarmu a kafaɗar siririn nan. Maigidana ya diro daga turmi har hularsa ta faɗi cikin yakuwa. Ni na yi guɗa, ni da ban taɓa ɗaga murya gaban Inna ba. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu.

"Mayar min baya," in ji Inna. "Ba can ba. Wurin gaisuwa."

Aka mayar. Mutum huɗun sun zo bakin raga. Sauran ukun sai da kowa ya sauya wa rariyarsa hannu kafin ya miƙa dama. Yaya kuwa damarsa a sake take tun farko, shi ya riga kowa miƙawa, har ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna wa alƙalin wasa. Sau uku ta sa aka maimaita mata.

"Da dama ya gaisa," ta ce.

"Da dama yake ci kuma, Inna," na ce. "Mahaifiyarmu ce ta koya masa da baki, bayan an kwance shi. Ɗaurin in-ina kawai ya bar masa."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mata a kan yaron, ko da yake ban ambace shi ba. Ta gane. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa masa ƙuli. Ya ɗago hagu. Ta janye. Ya dube ta, ya ɗago dama, ta ba shi.

"Ashe kana ji, tsohon banza," in ji ta. "To saurara, maigida. Ci da gaisuwa da allo, dama. Sauran kuwa, kai da hagunka, ku je ku kayar da ƙasashe."

Bayan magariba Yaya ya kira. Maganar ta tsaya masa a wuya, sai "Au, Au, Auta" yake yi, yana dariya. Inna ta karɓe wayar ta yi masa barka, ta ce ya sayi dogon wando.

Ran Asabar ita da kanta ta kai yaron makaranta, hannuwansa biyu suna lilo. Ƙyallen nan yana nan, da shi aka ɗaure bakin buhun wake.

In akwai bahago a gidanku, don Allah ku koya masa dama da baki da haƙuri, inda ya kamata. Kada ku ɗaure masa hannu.