Na Gani, Ba An Ce Ba

Ɗiyata ta fari tana ajin ƙarshe a wata makarantar kuɗi ta kwana, tsakanin Talata Mafara da Bakura, lokacin da aka koro mini ita gida da akwatinta da bokitinta, saura 'yan makonni a fara jarabawar fita. Ina tankaɗe ta shigo. Ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi ƙannenta, sannan ta ce an dakatar da ita saboda labari.

A makarantar suna da ƙungiyar 'yan jarida. Kowace Litinin, idan an taru da safe, ɗaya daga cikinsu kan fito ta karanta labarai. Yawanci abin da suka ji a rediyo ne, sai ɗan na cikin makaranta: ajin da ya ci gasar tsafta, malamar da ta haihu. Ɗiyata ce shugabarsu. Ni da na koyi haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, da goyo a bayana, ina jin daɗin wannan abin fiye da yadda nake nunawa.

To, a makon nan gudawa ta kama yara da yawa, ruwan famfo kuma yana wani irin ƙarni. Ita da wata ƙawarta suka ɗaga murfin tankin ƙasa suka leƙa. Mussa ce a ciki, wato kyanwa, ta mutu ta kumbura, gashinta ya saɓule yana yawo a saman ruwa. Da wannan ruwan ake dama musu koko, da shi suke alwala. Ko yanzu da nake rubutawa sai da na ture kwanon furar da ke gabana.

Ta gaya wa mai kula da ɗakin kwana, aka ce ta yi shiru za a duba. Ba a duba ba. Ranar Litinin ta karanta shi cikin labarai, da kalmar da ta jawo mana komai: na gani da idona. 'Yan jeka-ka-dawo suka kai maganar gida, ta shiga gari. Mai makarantar ya ce an ɓata masa suna, zai kai ƙara, kuma ba za ta zauna jarabawa a wurinsa ba.

Mahaifinta yana can gonar shinkafa a Bakura, kuma shi mutum ne da ba ya son doguwar magana. Ya miƙa maganar ga yayansa, Alhajin Maradun, wanda duk wani sulhu na dangi a hannunsa yake. Alhaji ya je wurin mai makarantar ya dawo da fara'a, ya zauna a kan tabarma, ya ce abin ya zo da sauƙi. Ba a ce ta ƙaryata kanta ba. Ta dai fito gaban yara ta gyara kalma guda: maimakon na gani, ta ce an ce. Shi ke nan, ta ba da haƙuri, ta koma aji.

Gaskiya ni ma a lokacin na ga kamar rahama ce. Kalmar “an ce” ai ba ta da uba, kowa yana fakewa bayanta. Ɗiyata kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, to ai ba wanda ya ce mini. Ni na ɗaga murfin.”

Alhaji ya yi dariya ya ce ashe mun haifi gidan rediyo ba mu sani ba. Ya tambaye ta ko a kan mussa za ta zubar da karatun shekaru.

Malamar da ta koya mana karatu tana da ƙanwa lauya a Gusau, mai taimaka wa ɗalibai idan hukumar makaranta ta danne su. Na karɓi lambarta na kira, ko da yake ban taɓa magana da lauya ba. Ta saurare ni har na gama. Da na zo kan gyaran kalmar sai ta dakatar da ni.

“Inna, kada ta faɗi haka. Muddin ta ce na gani, shaida ce, sai su kawo abin da zai ƙaryata ta. Ranar da ta ce an ce, ta zama mai yaɗa jita-jita da bakinta, a gaban yara da malamai. Da wannan za su ɗaure ta.”

Na ajiye wayar. Ashe sauƙin da aka kawo mana a kan tabarma tarko ne, kuma mai makarantar da ya ɗana shi ya san abin da yake yi. Mutum mai furfura, mai ɗiyan mutane a hannunsa, bai zauna ya yi tunanin yadda zai wanke tanki ba, ya zauna yana auna kalmar da zai kama yarinya da ita.

Na bi gidajen iyayen da ɗiyansu suka kwanta, ko wani zai tsaya tare da mu. Wata ta ba ni ruwa ta ce Allah Ya kyauta. Wani ya aiko daga zaure cewa ba ya nan, ina jin tarinsa. Ƙawar da suka leƙa tare, uwarta ta ce yarinyarta ba ta ga komai ba, dama idonta ba shi da ƙarfi.

Lauyar ta zo da kanta, muka shiga ofishin mai makarantar tare. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce idan ƙara yake so to bismilla, amma ya sani kotu za ta so jin ta bakin masu duba tsafta da na asibitin da aka kai yaran. Ta ce kuma babu dokar da ta ba shi ikon hana ɗaliba jarabawar da aka riga aka yi mata rajista don ta faɗi abin da ta gani. Ya daɗe yana juya zobensa, sannan ya ce ai shi uba ne, yarinya ta dawo.

Ta koma, ta rubuta jarabawarta tun daga farko har ƙarshe, ba ta canza kalma ko ɗaya ba. Amma aka rushe ƙungiyar tasu, aka ce labarai suna ɗauke wa yara hankali. Mai makarantar kuma ya tsaya gaban taro ya sanar cewa ya yafe mata, albarkacin iyayenta da suka zo suka roƙa. Matan da suka rufe mini ƙofa su ne suka riƙa tare ni a hanyar kasuwa suna cewa Allah Ya saka wa mai makaranta, mutum mai yafiya.

Bayan an gama Alhaji ya zo da sabuwar hula, ya ce in ɗauko mayafi mu je godiya, haka ake yi. Ni ban saba musu da manya ba, duk dangi sun sani. Na zuba masa ruwa, na koma gefe na zauna, na ce, “Yaya, a yi mini haƙuri. Godiyar mi?”

Ya jira in ƙara wani abu. Na miƙe na koma tankaɗena. Shi kaɗai ya tafi.