Dankalin da Gwaggo Ta Rufe

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma abin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne don na rubuta shi. A wancan lokacin ba abin da ba na rubutawa a bayan littafina na lakwal, wato makaranta, har ranar da akuyarmu ta haihu. Ko yau in na ji ƙamshin man gyaɗa ya ɗau zafi, wannan shafin nake gani.

Shekarata goma sha biyu. Ƙarshen bazara ne, irin zafin Dakoro da ke sa kaji su kwanta gindin randa baki buɗe. Saura mako guda a ba mu babban hutu, sai gwaggo, yayar babana, ta zo daga Sabon Maci da buƙatarta. Mai ƙosai ce, kuma tana faɗin haka kamar wadda aka yi wa naɗi. Ta ce a ba ta ni wata ukun hutun ta koya mini suya, don karatu ya kashe mini hannu.

"Dube ta," in ji ta, tana nuna ni da haɓa. "Ɗiya kamar hoto a bango. Ko albasa ta iya yankawa?"

Ni kuwa na riga na jera littattafai shida da madam, malamar ajinmu, ta ara mini, na san wanda zan fara da wanda zan ƙare da shi. A gidan gwaggo takarda aikinta ɗaya ne, ƙunshe ƙosai.

Baba ba ya iya ce wa yayarsa a'a, kuma bai so ya ce to. Sai ya ce gobe bayan la'asar abokansa za su zo zaure, in yi musu wani abu da hannuna. In ya ciwu, na zauna. In bai ciwu ba, in bi gwaggo.

A ɗakin inna akwai ragowar dankalin turawa da kawu direba ya kawo daga Agadas, kuma a ɗaya daga littattafan madam akwai yadda ake soya shi fale-fale har ya riƙa ƙaras-ƙaras a baki. Na kwafe shafin kaf. Washegari na wasa wuƙa a dutse, na yanka shi har ana ganin rana ta cikin kowane yanki. Sai wanki: sau uku, har ruwan ya daina yin fari. Wanda ya san garinmu ya san ruwa ba abin wasa ba ne, don haka bokitin wankana na sadaukar, na wuni da zufata.

Gwaggo na zaune kan turmi tana ƙirgawa. "Wanka uku! Dankali ne ko gawa?"

Na shimfiɗa farin mayafin inna a inuwa, na jera yankan ɗaya bayan ɗaya don su tsane.

"Yanzu kuma shanya," ta ce. "Saura guga."

Na jira man ya yi zafi sosai, na gwada da guda ɗaya. Kaɗan-kaɗan nake zubawa, in man ya daina kuka in kwashe, in baza a faifai, in barbaɗa gishiri da ɗan yaji. Kaka ta ɗauki ɗaya ta kai ga haƙoranta huɗu. Ƙarar da ya yi har akuya sai da ta waigo. Inna ta juya baya don kada a ga murmushinta. Wannan huɗu da kwata ne.

Da minti ashirin gwaggo ta miƙe, ta ɗauko langa mai murfi, ta juye dankalin da zafinsa, ta danne murfin, ta ɗora faifai, ta kuma naɗe da tsumma.

"Gwaggo," na ce, "littafin ya ce kada a rufe."

"Littafin ne zai ci, ko maza? Abinci ba ya ƙetare tsakar gida tsirara. Mu ba haka aka tashe mu ba."

Na dubi inna. Matar ƙane ba ta ja da yayar miji, sai ta dubi murhu. Na dubi kaka, ta ce al'ada ce. Al'ada! Kalmar da manya ke fakewa bayanta duk lokacin da tunani ya yi musu nauyi.

Mazan kuma ba su buɗe da wuri ba. Wai saurin buɗe kwano kwaɗayi ne. Suna ta musun farashin raguna da jinkirin ruwa, langar na gefe tana zufa, ni ina leƙe ta bayan zana. Biyar da minti goma aka ɗaga murfin. Dankalin ya manne da juna, ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen ganye. Wani dattijo ya ɗaga ɗaya, ya lanƙwashe a yatsunsa, ya tambayi baba ko kabewa ce. Suka ci bibbiyu don kara, suka rufe. Ranar da aka ba da hutu, a bayan motar kasuwa na yi la'asar, a kan hanyar Sabon Maci.

Wata uku na yi ina jan ruwa a rijiya mai zurfin da igiyarta ke saɓule tafin hannu, ina surfen wake, ina hura wuta. Ko sau ɗaya ba ta bar ni na taɓa kaskon ba. Kullum da safe ina tsaye bayanta, ina kallon ƙosanta a buɗe cikin kwando, ƙudaje na shawagi, ina raina ta a zuci. Mace ta tsufa a gaban mai, amma abin da shafi ɗaya ya sani ita ba ta sani ba. Na raina mazan da suka yanke mini hukunci ba su tambayi wa ya rufe ba. Da na dawo na tambayi inna dalilin shirunta, ta ce sai haƙuri. Na tambayi baba, ya ƙara muryar rediyo.

Yanzu ina jami'a a Maradi. Irin wannan dankalin yana rataye cikin leda a kowane kanti na Dakoro, rabin ledar iska, yara na ci suna tafe ba wanda ya ce tsirara ne. Gwaggo ta dawo gidanmu, gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo. Hutun da ya wuce na soya, na ajiye mata a faifai, a buɗe, da gangan. Ta sa ɗaya a baki tana tsotsa. Na tattara duk ƙarfin halin da ban da shi a da, na tambaye ta ko yanzu ta gane abin da murfi ke yi wa suya.

Ta yi dariya har da tari.

"Ke da karatunki. Shekara talatin ina gaban kasko, ni ce ban san zufa na kashe suya ba? Wata uku kina bayana, kin taɓa ganin na rufe ƙosaina? Dankalinki ya yi kyau, ɗiyata, shi ya sa. Da ya isa zaure a buɗe, wa zai ja mini ruwa a waccan damanar?"