Ƙwayoyin Malam Abdussamadu

Faɗa ne ya fara haɗa ni da Malam Abdussamadu. Na rufe kalwata da buhu kwana biyu, na dawo daga kasuwa na iske ƙato tsugune, ya ɗaga buhun yana kwasa da cokali. Kowa a unguwarmu Nassarawa ya san ba a buɗe daddawa kafin ta nuna.

Na ce, "Malami ne kai ko ɓera?"

Ya ce, "Inna Hodi, ba daddawar nika so ba. Masu ruɓar da ita nika nema."

Ɗan masunta ne daga Argungu. Ya karanta haɗa magani a Zariya, anka turo shi Birnin Kebbi koyarwa. Abin da ya shiga kansa, wai wani magani tagwaye ne, kamar hannun dama da na hagu. Na dama ke warkarwa, na hagu sai wahalar da jiki, kuma a gauraye ake shan su. Rariya ba ta raba su, wuta ba ta raba su. Amma cikin ƙwayoyin da ido ba ya gani, irin masu ruɓar da daddawa, akwai mai cinye na hagu ya bar na dama.

Shekara huɗu yana kiwonsu cikin kwalabe kafin ya samu iri ɗaya tak. Malaman Sakkwato sunka ce ya kawo bayan salla su auna. Irin ba ya son zafi, sai ya sayi firjin kananzir, shi kaɗai a layinmu.

Azumin ya faɗo cikin bazara. Ran goma ga wata mahaifinsa ya rasu, ya tafi Argungu zaman makoki. Maƙwabta sunka fara aiko ruwa da kunu a sanyaya musu, har da furata. Wa zai hana mai azumi ruwan sanyi? Matarsa Aminatu ta riƙa fitar da kwalaben tun hantsi, wai zuwa magariba. Kwana bakwai.

Ya dawo ya iske duk sun mutu. Bai yi mata tsawa ba, magana kawai ya daina yi mata. Shekara uku ya bi daddawar Gwadangaji, nonon ruga, lakar fadama. Irin bai sake fitowa ba. Na Sakkwato sunka mance da shi.

Ganina da shi na ƙarshe, ya rame, an yi masa canji zuwa Yawuri. Ya ce, "Inna, ko in sake daga farko?"

Na ce, "Da wane ƙarfi? Abin nan ya tafi, Malam. Tashi ka je ka ce wa yarinyar can Aminatu ka yafe, ko da ƙarya kake."