Takardar da Inshora ta Dawo da Ita

A shekarata ta biyu a Dubai ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Al Qusais. Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Ofishinmu yana bayan ɗakin magani, babu taga, mu uku ne a ciki: ni, da wata 'yar Filifin, da wani Ba'indiye shugabanmu. Aikina in karanta abin da likita ya rubuta a kan mara lafiya, in mayar da shi lamba, in tura wa kamfanin inshora. Kowace cuta da tata lambar. In ta dace da bayanin likita, su ba da izini a ci gaba da magani. In ba ta dace ba, takarda ta dawo. Duk bayanin da na yi wa Umma a waya, ƙarshensa sai ta ce, "To, ke dai akawu ce."

Wata safiyar Lahadi, farkon mako, na tarar da takarda ta dawo. Ta gwajin nan ce da ake shafo ƙwayoyin halitta daga jikin mace a duba. Sakamakon ya nuna ƙwayoyin sun sauya kama sosai. Ba cutar kansa ba ce, amma irin sauyin ne da in aka ƙyale shi shekaru yana iya zama ita. Likita ta nemi izinin duba wurin da na'ura, ta ɗan gutsuro nama a auna. Inshora suka ce a'a, lambar ba ta dace da tarihin matar ba.

Na buɗe fayil ɗin, nan take na gane. An cire mata mahaifa har da bakin mahaifar shekarun baya, don haka daga farji aka ɗauki gwajin. Ni kuwa hannuna ya saba, kusan duk gwajin da ke zuwa mana na bakin mahaifa ne, sai na buga lambarsa. Lambobin biyu alƙalami ɗaya ne ya raba su. Kwana tara ke nan matar tana jira saboda ni.

Sai a lokacin idona ya kai kan sunan. Na san ta. Mutuniyar Jos ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, tana aikin wanki da guga a wani otal. Anti nake ce mata. Ita ke yi mini kitso a ɗakinsu na unguwar Karama ranar Juma'a, ranar hutu a can, in ta dawo daga coci. Ko shekaranjiya na zauna a gabanta, na lura ba ta da hira, na ɗauka gajiya ce.

Na faɗa wa shugabanmu kuskuren nawa ne. Ya duba, ya ce, "Khalas, shi ke nan, gyara ki sake turawa." Na gyara, na haɗa da bayanin tiyatar da aka yi mata, na bi su da waya. Ita kuwa ban kira ta ba. Abin da na gani a fayil ba nawa ba ne, ba ni da hurumin ɗaga mata shi.

Ranar Talata na fito shan ruwa, sai ga ta a benci, riƙe da takarda a ninke.

"Ke! Ashe nan ne asibitin naku?"

"Nan ne, Anti. Ina kwana?"

Ta jawo hannuna na zauna. Ta rage murya ta ce, "'Yata, inshora sun ƙi ni. Wata a ɗakinmu ta ce in suka ƙi mutum, to kansa ce, sun ga ba zai tashi ba. Ko yarana ban gaya wa ba."

"Ba haka ba ne, Anti. Ni na aika takardarki, na sa lambar da ba ita ba. Na gyara. Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Kenan kin gani."

"Na gani. Amma ba ni zan yi miki bayani ba, likita ce."

"Turancinta da Larabcinta gudu suke yi, rabi nake kamawa."

Da yardarta na roƙi likitar in shiga in yi tafinta, ta amince. Basudaniya ce mai sanyin hali. Ta ɗauki biro ta zana a takarda, tana faɗa ina juyawa Hausa: wannan gwajin ba ya yanke hukuncin kansa, ya dai nuna wurin da ya kamata a duba, kuma an gano da wuri. Da aka zo sunan wurin, nauyin bakina ya hana ni faɗa a gaban babba, na ce "gabanki". Anti ta yi 'yar dariya, ta farko da na ji a ranar, ta ce, "Faɗi abinki, na haifi huɗu."

Izini ya fito ranar Alhamis. Aka duba ta, awon naman ya tabbatar ba kansa ba ce, aka yi mata ɗan aikin da ya kawar da wurin da ya sauya. Kwana biyu ta huta ta koma otal. Likita ta sa mata lokutan da za ta riƙa dawowa a sake gwaji.

Ba ta taɓa yi mini gorin kwana taran nan ba. Ni ce dai na je wurin 'yar Filifin ɗin na ce daga yau duk takardar matar nan ita za ta riƙa yi, ta ce ba komai. Ban ƙara buɗe fayil ɗin ba har na bar asibitin. In Anti ta karɓi sakamako, wani lokaci ta kira ni tun daga tashar jirgin metro ta ce, "An ce lafiya lau, mun gode Allah." Wani lokacin kuma sai ta yi wata guda ba ta ce komai ba, ni ma ba na tambaya.